Maijego 'Yar Tailan a Baƙuwar Ƙasa: Me Ya Sa Take Gudun Ruwan Sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu jego na wani asibiti da ke birnin Melbon a ƙasar Ostireliya, kuma muna yawan karɓar matan Tailan da suka auri mutanen ƙasar. Na lura ba sa taɓa ruwan da muke ajiye musu, suna jan ƙafa in an ce su shiga wanka, suna rufe jiki ruf da safa da hula ko da ɗakin da ɗumi, abinci kuma sai su ɗan tsakura su ture. In an tambaye su sai su yi murmushi su ce ba komai. Wata ma ta roƙi a sallame ta kwana ɗaya bayan haihuwa. Abokan aikina na cewa taurin kai ne. Mene ne tushen abin, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. A cikin duk ma'aikatan da ke wannan sashe, ke ce ya kamata ki riga kowa gane matan nan, domin kin taso a inda ake tafasa ruwa a babbar tukunya tun asuba saboda maijego, ake dama mata kunun kanwa, ake tsoron kada sanyi ya shige ta. Sai dai kada kamannin ya sa ki ɗauka al'adarsu tamu ce da aka sauya wa suna. Tana da nata hujjoji da nata tarihi, kuma sai kin san su za ki iya bambance abin da ya kamata ki ba su cikin sauƙi da abin da ya zama dole ki hana.

Maganin gargajiyar Tailan yana ɗaukar jikin mutum a matsayin haɗin abubuwa huɗu, wato ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma lafiya na nan ne matuƙar suna daidai da juna. Haihuwa a wurinsu tana zubar da jini da ruwa, tana rage wutar jiki, ta bar mace a sanyaye, jikinta a buɗe, yadda iska za ta iya shiga ta zauna. Saboda haka aikin makonnin farko shi ne a mayar da zafin da ya tafi, a busar da cikin, a kori jinin biƙi wanda suke kira nam khao pla, wato ruwa mai ƙarnin kifi, sannan a taimaki mahaifa ta koma makwancinta. Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne lokacin da suke ganin illar sakaci za ta bayyana. Ba su ce wadda ta sha ruwan sanyi za ta faɗi yau ba. Sun ce za ta gani in shekaru sun ja: ciwon gaɓoɓi, jiri, ciwon kai, rawar ɗari duk lokacin da hadari ya haɗo. Shi ya sa in kin ce mata gwajin jininta lafiya lau ne, ba zazzaɓi, ta sha ruwanta, ba ki amsa damuwarta ba ko kaɗan, domin ke kina maganar wannan mako ne, ita kuwa tana maganar shekara 30 masu zuwa, kuma wataƙila ta san wata gwaggonta da ake cewa abin da ya same ta ke nan.

Babbar al'adar ita ce yu fai, ma'anarta zama da wuta. A tsarinta na da, mijin ne yake tanadin itace tun cikin yana watannin ƙarshe, a hura wuta a wani murhu na musamman cikin ɗaki ko a ƙarƙashin gidan katako mai dogayen ƙafafu, a shimfiɗa wa maijego ɗan siririn gado na katako ko na gora a gefen wutar. A nan za ta kwanta dare da rana, tana juya ciki da baya ga garwashi, tana shan ruwan zafi da aka dafa da saiwoyi, tana wanka da ruwan ganye mai zafi. An fi son adadin kwanakin ya zama mara, kamar 7 ko 9 ko 11 ko 15, wasu har kusan wata, kuma haihuwar fari ce aka fi tsawaita wa. A yankin Isan na arewa maso gabas suna ce masa yu kam, a arewa wajen Chiang Mai kuma an fi cewa yu duan, zaman wata guda, inda aka fi ba da ƙarfi ga kulle a ɗaki da rufe jiki da tufafi masu kauri. Abincin kwanakin farko a ƙauyukan Isan kan zama gasasshiyar shinkafa mai danƙo da gishiri, sai daga baya a ƙara gasasshen kifi ko kaza. Akwai doguwar ƙa'ida ta abin da ba a ci, daga naman farar ɓauna zuwa ruɓaɓɓen kifin nan da suke miya da shi, da wani ganye mai wari da suke kira cha-om, wanda wasu ke cewa ko warinsa kaɗai ya isa ya tayar wa maijego da cuta.

Kada ki ɗauka ba a taɓa jayayya da wannan al'ada a can Tailan ba. Wani likita ɗan mishan Ba'amurke, Dan Beach Bradley, wanda ya isa Bankok a 1835, ya shafe shekaru yana yaƙi da kwanciya gefen wuta saboda ƙuna da wahalar da ya gani. Abin bai fara sauyawa sosai ba sai da Sarauniya Saovabha, matar Sarki Chulalongkorn, ta ƙi yin yu fai a haihuwarta ta 1889, ta kuma sa aka riƙa ba da kyautar kuɗi ga matan da suka haihu a asibitin Siriraj, wanda aka buɗe a 1888, in sun yarda su bar wutar. Amma abin sha'awa shi ne al'adar ba ta mutu ba, sai ta sauya kama. Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta kafa cibiyar maganin gargajiya a 1993, kuma tsarin inshorar lafiya na kowa da kowa da ya fara a 2002 daga baya ya shigar da kulawar jego ta gargajiya cikin abin da yake biya. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan mata 500 a lardin Ubon Ratchathani ya samu cewa shan abu mai zafi, wankan ruwan zafi, ƙaurace wa wasu abinci da ƙaurace wa shimfiɗar miji suna nan daram a tsakaninsu.

Na taɓa ganin yadda ake yin wannan a wani ƙaramin asibitin gunduma a Isan, kuma yana da kyau in siffanta miki. Ma'aikaciyar ta cika 'yar tukunyar ƙasa da gishiri mai manyan ƙwayoyi, ta ɗora a wuta har gishirin ya fara tartsatsi. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta zuba dakakken kurkum da wata danginsa ta citta da suke kira plai da ɗan kafur, ta rufe da faffaɗan ganye, ta ɗora tukunyar a kai ta ƙulle bakin ƙyallen ya zama mariƙi. Sai da ta gwada zafin a damtsenta tukuna, sannan ta fara dannawa a marar maijegon tana juyawa a hankali, ta gangara cinya, ta koma ƙugu da baya, tana sauya tukunya da zarar ta farko ta huce. Bayan haka aka shigar da matar wani ɗan tanti ta yi surace na 'yan mintuna, ta fito aka miƙa mata ruwan citta. Kafin a fara duk wannan sai da aka auna jininta da zafin jikinta, kuma ƙa'idarsu ita ce wadda ta haihu da kanta ta jira kimanin mako guda, wadda aka yi wa tiyata kuma ta jira wata guda ko fiye. To ki duba, matar da ke kwance a sashenku ba lalle ba ne daga bakin kakarta kaɗai ta ji wannan. Mai yiwuwa yayarta ta samu wannan kulawa a asibitin gwamnati, daga hannun ma'aikaciya mai takardar shaida. In aka yi mata kallon wadda ta zo da camfi daga ƙauye, za ta ji an raina ƙasarta baki ɗaya.

Yanzu ki ɗauki wannan mace ki kai ta Melbon. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda aka haifa a Tailan suke zaune a Ostireliya sun haura 80,000, kuma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. A Suwidin sun haura 40,000, inda wajen kashi uku cikin huɗu mata ne, haka ma mata ne suka fi yawa a Norwe da Jamus. Da yawansu aure ne ya kawo su, kuma sun zo su kaɗai. Wannan shi ne zuciyar maganar a ganina. Wutar da suka baro tana da madadi, domin akwai na'urar ɗumama ɗaki, akwai gorar ruwan zafi, akwai bargo. Wadda ba ta da madadi ita ce mai hura wutar. Yu fai bai taɓa zama aikin mace ɗaya ba: uwa ce ke dafa saiwa, inna ke wa jariri wanka, miji ke faskare, maƙwabta ke leƙowa, ita kuwa maijego an ɗauke mata girki da wanki da gona na tsawon wata, an mai da ita abar lallashi. Farfesa Pranee Liamputtong, 'yar Tailan da a baya ta daɗe tana koyarwa a jami'ar La Trobe ta nan garinku, ta yi shekaru tana hira da iyaye mata 'yan ƙasarta a Melbon da Chiang Mai, kuma abin da na fahimta daga ayyukanta shi ne matan ba su raina ƙwarewar asibitin Ostireliya ba. Wahalar tana tsananta ne in an koma gida, inda mijin, in an yi sa'a mai kirki ne, shi kaɗai ne mataimaki, hutunsa gajere ne, kuma bai taɓa jin cewa matarsa na bukatar wata guda ba ta taɓa ruwan sanyi ba. Surukarta na iya zuwa da furanni ta sha shayi ta tafi, tana ganin ta kyauta da ba ta takura musu ba, alhali a idon amaryar an yasar da ita ne. Kawo uwa daga Tailan kuwa sai da biza da kuɗin jirgi, kuma sau da yawa tsohuwar na can tana riƙon jikoki ko tana dogara da kuɗin da ita wannan 'yar take aikawa.

Ki sake kallon sashenku da idonta. Tulun da aka ajiye mata da ƙanƙara a ciki. An kawo ƙullin ƙanƙara a ce ta sa a wurin ɗinki don rage kumburi. An ce ta tashi ta shiga wanka, har da wanke kai, awa kaɗan bayan haihuwa. Farantin abinci ya zo da ɗanyen ganye da sanyayyen lemo da madarar da aka fito da ita daga firji. Wata ma'aikaciya mai son iska ta buɗe taga. Kowane ɗayan waɗannan yana da hujjarsa a littafinku, amma a nata lissafin an jera mata duk abin da uwarta ta ce ta guje wa, cikin yini guda. A ƙasashen arewacin Turai ma abin ya fi haka, domin can al'ada ce a bar jariri ya yi barci a kekensa a waje cikin hunturu, kuma ana ƙarfafa maijego ta fita yawo tun makon farko.

Murmushin da kika ambata yana da suna, kreng jai. Wata irin kara ce da kunya a haɗe, ta gudun ɗora wa wani nauyi ko sa shi jin kunya, musamman wanda ya fi ka matsayi kamar likita ko ma'aikaciyar jinya. Mu da muka san alkunya ba za mu sha wuyar gane ta ba. Idan kin tambaye ta ko akwai matsala, amsar da ladabi ya yarda da ita ɗaya ce, ba komai. Don haka ki sauya tambayar. Ki ce mata, da a gida kika haihu, me mahaifiyarki za ta yi miki a yau? Ko kuma ki ba ta zaɓi a hannu, ruwan ɗumi ko na sanyi, wanka yanzu ko goge jiki da tawul mai zafi. Kuma in Turancinta bai nuna ba, ki nemi tafinta mace ta layin tafintocin gwamnati da ake kira ta waya, kada ki bar mijin ya zama bakinta, domin akwai abin da ba za ta taɓa faɗa ta bakinsa ba, shi ma akwai abin da zai ga bai kai a fassara ba.

Mafi yawan abin da take so ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa. Flas na ruwan zafi maimakon tulu, ƙarin bargo, a bar ta da safarta da hularta, a rufe taga, a ba ta na'urar busar da gashi in ta yarda ta wanke kai. Ƙanƙarar ɗinki ba wajibi ba ce, akwai maganin rage zafi. A bar ƙawarta ta kawo mata kunun shinkafa mai citta, ko miyar da suke kira kaeng liang mai barkono da ganyaye, wadda sukan sa wa furen ayaba don kawo nono. Ko hujjar kimiyya kan ƙarin nono ba ta yi ƙarfi ba, miya ce mai gina jiki, kuma maijegon da ta ci abin da ranta ya kwanta da shi ta fi wadda ta ture faranti. Wadda kika ba waɗannan ƙananan abubuwa a ranar farko ita ce za ta saurare ki ranar da kika zo da hani.

Hanin kuwa akwai shi, kuma ba na son ki yi sanyi a kansa don gudun a ce kin raina al'ada. Na farko shi ne gawayi a cikin rufaffen ɗaki. Gidan katakon Isan iska na ratsa shi ta ko'ina, amma gidan Melbon a watan Yuli, lokacin hunturunsu, a toshe yake ruf, kuma iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe uwa da jariri cikin barci. Ki faɗi wannan ƙarara kafin sallama, ko ba a tambaye ki ba. Sai tsimin nan na saiwoyi da ake jiƙawa a barasa, ya dong, da wasu magungunan kwalba da ake sayarwa don korar jinin biƙi, waɗanda da dama akwai barasa a cikinsu. Barasa na ratsawa cikin nono, kuma duk abin da aka ce yana koro jini abin taka-tsantsan ne ga wadda ta zubar da jini da yawa. Ki roƙe ta ta nuna miki kwalbar ba tare da faɗa ba, tafinta ta karanta miki abin da ke jiki. Kwanciya wuri ɗaya ma akwai haɗari, domin makonni shida na bayan haihuwa su ne lokacin da jini ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, musamman bayan tiyata, ga kuma gumi da ƙarancin ruwa suna ƙara wa abin ƙarfi. Amma ba sai ta fita titi ba. Zagayawa cikin ɗaki mai ɗumi, da safarta a ƙafa, ya wadatar, kuma in kin bayyana mata cewa tafiyar na taimaka wa jinin biƙi ya fita, kin yi magana da harshen da take ji.

Batun abinci ya fi kowanne bukatar haƙuri. Kwana biyu ko uku na shinkafa da gishiri ba za su kashe kowa ba, amma makonni na farar shinkafa kaɗai na jawo ƙarancin sinadarin tayamin, wato bitamin B1, kuma likitocin da suka yi aiki a Lawos da sansanonin 'yan gudun hijira na iyakar Tailan da Bama sun ga jarirai masu shan nono suna mutuwa da ciwon zuciya saboda haka. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambaye ta abin da aka yarda ta ci, ki gina a kansa. Kusan kullum za ki samu kaza, naman da aka gasa ya bushe, wasu nau'in kifi da dafaffen ganye a cikin jerin.

A nan ne tarihinmu yake da abin faɗa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bayyana yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da wankan tafasasshen ruwa, da gishirin da ke cikin kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya, musamman daga Kano, ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin masu ciki. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne a yi hattara ta fuska biyu: zafi mai tsanani da gishiri nauyi ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji, amma kuma saurin ɗora wa al'ada laifi na iya rufe ido daga ainihin dalili. Saboda haka maijego 'yar Tailan mai hawan jini, ko zazzaɓi, ko jinin da bai tsaya ba, ko ɗanyen ɗinkin tiyata, ta dakata da surace da gashin tukunya har likita ya duba ta. Wannan ba ƙa'idar Turawa ba ce kaɗai, ita ce ta asibitocin ƙasarta, kuma faɗa mata haka na sauƙaƙa karɓa. Ki kuma tuna fatar da ke kusa da ɗinkin tiyata kan mutu na ɗan lokaci, mace na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Game da jariri, abu biyu za ki sa wa ido. Ba shi ruwa bayan nono abu ne da ya yaɗu a Tailan, haka ma fara ba shi dakakkiyar ayaba ko shinkafa da wuri a karkara, kuma binciken ƙasa na 2019 ya nuna kashi 14 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Sau da yawa umarnin na zuwa ne ta kiran bidiyo daga kaka, don haka in da hali ki gaisa da kakar a wayar, ki yi bayanin a gabanta. Na biyu shi ne lulluɓe jariri da yawa a ɗaki mai zafi, wanda ke cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. Uwa ta sha ɗuminta, amma shi a kwantar da shi rigingine, kansa a buɗe. Sauran al'adun jaririn kuwa ki bar mata. Farin zaren da ake ɗaura masa a wuyan hannu don riƙe kurwarsa, ki duba kawai bai matse ba. In kin yaba kyansa kin ga fuskarta ta ɗan sauya, ki sani tsofaffinsu kan ce jariri mummuna ne don kada aljanu su yi sha'awarsa, dalilin da ya sa ake musu laƙabi irin su Kwaɗo ko Ɓera, kuma suna da magana cewa kwana uku na farko ɗan aljanu ne, a na huɗu yake zama ɗan mutum. Wasu kan so a ba su mabiyiya su binne, kuma asibitoci da yawa na yarda in an nema tun da wuri. Askin gashin farko da suke kira gashin wuta sukan yi shi ne in ya cika wata, wani lokaci a wurin ibadarsu na addinin Buda.

Akwai wata kalma da nake so ki riƙe, lom phit duan, wadda mutanen arewacin ƙasar ke kiran cutar da ke kama wadda ta karya dokar jego. Alamominta su ne jiri, kasala, ciwon kai, rashin cin abinci, rama, jin sanyi, wani lokaci har ruɗewa. Ki sake karanta jerin, za ki ga zai iya zama ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo ta bayan haihuwa, ko kuma ciwon damuwar masu jego. Mace mai kreng jai ba za ta ce miki tana kuka kullum ba, amma za ta iya cewa iska ta shige ta don ba ta yi yu fai ba. Kada ki yi gardama da sunan da ta ba ciwon. Ki karɓe shi a matsayin ƙofa, ki nemi a gwada jininta, ki kuma ba ta takardar tambayoyi goma ta Edinbara da ake gano ciwon damuwar masu jego da ita, wadda akwai fassararta da harshen Tailan, ta cika ita kaɗai. In kin samu keɓewa da ita, ki tambaya a hankali yadda zaman gida yake, domin wadda bizarta ke rataye a wuyan miji kan haɗiye abubuwa da yawa don tsoron kora, ba ta san dokar Ostireliya ta tanadi hanyar ci gaba da neman zama ga wadda aka ci zarafinta a gidan aure ba.

Ita kuwa wadda ta roƙi sallama bayan kwana ɗaya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce a zauna aƙalla awa 24 bayan haihuwa lafiya, sannan a sake duba uwa da jariri tsakanin awa 48 zuwa 72, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma a mako na shida. Don haka roƙonta bai saɓa wa ƙa'ida ba in komai lafiya. Abin tambaya shi ne gidan da za ta koma. In mahaifiyarta ta iso, ko akwai wata dattijuwa 'yar ƙasarsu da za ta zauna da ita, to gida ya fi mata sashenku. In kuwa guduwa take yi daga ƙanƙara da buɗaɗɗiyar taga zuwa gidan da ba kowa, gyara ɗakin ya fi sallama. Kafin ta tafi ki zaunar da mijin minti goma, ki bayyana masa cewa a al'adar matarsa shi ma yana da aiki, kuma na yau bai wuce cika flas da dafa citta da ɗauke mata wanke-wanke na wata guda ba. Ki tambaye ta ko tana zuwa wurin ibadar 'yan Tailan ko shagon kayan miyarsu, domin a can ake samun matan da suka san masu tausa da ke zuwa gida da tukunyar gishiri da tantin surace. Sannan ki rubuta a takardar da za ta je hannun ma'aikaciyar kula da uwa da yara, wadda a jiharku ta Biktoriya take ziyartar gida cikin makonni biyun farko, cewa maijegon na kullen wata guda, ba za ta so fitowa asibiti ba, a daure a je mata gida, kuma a nemi tafinta mace.